Lita Ba Kilo Ba Ce: Awon Mai a Madafa

 Yau madafa za mu shiga, kuma a kan mai za mu tsaya: man gyaɗa, manja, man shanu, da farin man nan na jarka. Uwargida da amarya, mai tuyar ƙosai a bakin titi, malam mai shago da ke raba jarka kwalba-kwalba, maganar ta shafi kowannenku. In da takarda da biro a kusa a jawo su, domin akwai ɗan lissafi, kuma zan riƙa maimaita lambobin saboda wanda hannunsa ke cikin aiki.

Ga yadda abin ke faruwa. Yarinya ta buɗe waya ta ga ana koyar da haɗa kek, mai koyarwar ta ce a zuba mai giram 250. Ita kuwa babu sikeli a gidan, abin da take da shi kofi ne da cokali da ludayi. Wata kuma ta sayi ɗan sikelin nan mai batir, sai littafin girkin da ke hannunta ya ce kofi ɗaya na mai. Ta farko an ba ta nauyi tana neman cika, ta biyu an ba ta cika tana neman nauyi. Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu ɗauka giram 250 daidai yake da mililita 250, a wuce wurin. Kuma muna da hujja, tun a firamare aka koya mana lita ɗaya kilo ɗaya ce. Sai dai rabin maganar muka riƙe. Lita ɗaya ta ruwa ce kilo ɗaya, kuma da gangan aka tsara haka. A shekarar 1795, lokacin da Faransa ta kafa tsarin awon da duniya ke bi yanzu, a kan ruwa aka gina awon nauyinsa: aka ce nauyin ruwan da zai cika ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, shi ne giram ɗaya. Saboda haka duk abin da ba ruwa ba, sai an yi masa nasa lissafin.

Ba sai an je ɗakin gwaje-gwaje ba kafin a gane mai bai kai ruwa nauyi ba. Uwargida, ki dubi tukunyar miyar taushe bayan kin sauke ta ta ɗan lafa. Ina man yake? Ya taso sama ya kwanta, ruwan miyar na ƙasa. Abin da ya ɗaga shi kenan, rashin nauyi. In aka cika kwalba mai lita ɗaya da man gyaɗa aka ɗora a sikeli, aka cire nauyin kwalbar, abin da za a gani yana tsakanin giram 910 da 920. Man waken suya haka, man zaitun haka, man riɗi da man kwakwa duk nan kusa suke. Manja idan ya narke yakan ɗan gaza, wajen giram 900 zuwa 910. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai a ce kowane mai sai an haddace masa lamba ba. Lamba ɗaya ta wadatar a madafa, 920. Lita ɗaya ta mai, giram 920. In aka juya ta, kilo ɗaya na mai ya fi lita ɗaya, yana kaiwa mililita 1,087, wato lita ɗaya da kusan manyan cokula shida.

To yaya ake mayar da nauyi ya koma cika? Mai kalkuleta a waya sai ta raba giram ɗin da 0.92, abin da ya fito shi ne mililita. Wadda hannunta ke cikin kwaɓi kuwa ga hanyar da ba ta buƙatar waya: ki ƙara kashi ɗaya cikin goma. An ce giram 100, ki zuba mililita 110. An ce giram 250, kashi ɗaya cikin goma nasa 25 ne, ki zuba mililita 275. An ce rabin kilo, ki zuba 550. Ainihin lissafin 109 ne da 272 da 543, kun ga ratar ba ta taka kara ta karya ba. In kuma cika aka ba ki kina son nauyi, sai ki cire 8 daga kowane 100. Mililita 100 giram 92, mililita 250 giram 230, kwalbar nan ta ruwan sha mai 75cl giram 690. Bari in maimaita. Daga giram zuwa mililita, ƙari ake yi. Daga mililita zuwa giram, ragi ake yi. Mutane da dama sun san akwai bambanci, amma a nan suke tuntuɓe, su rage a inda ya kamata su ƙara.

Sai cokali. Cokalin shayi na awo mililita 5 yake ɗauka, man da ke cikinsa bai cika giram 5 ba, huɗu da rabi ne da 'yan kai. Babban cokali mililita 15, wato cokalin shayi uku, mansa kusan giram 14. Don haka giram 100 na mai manyan cokula bakwai ne da ɗan ƙari, giram 50 kuma uku da rabi da ɗan ɗigo.

Na san wata Hajiya na saurare tana cewa, mu da muka shekara talatin muna girki ba sikeli ba kofi, abincinmu bai taɓa ɓaci ba. Hajiya, gaskiyarki. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma a miya da dafa-duka da wake da shinkafa, idon da ya saba ya ishi mai shi. Kashi 8 cikin 100 na mai, ya ƙaru ko ya ragu, babu harshen da zai gane shi a cikin miyar kuɓewa. Ban zo in ce a ɗora sikeli a gefen kowane murhu ba. Inda awo ke da muhimmanci wuri uku ne: abin da ake gasawa, abin da ake sayarwa, da abincin wanda likita ya ce ya rage maiƙo. Miya ana ɗanɗanawa a gyara tana kan wuta. Kek da biredi da biskit kuwa, da zarar sun shiga tanderu magana ta ƙare. In man ya yi yawa kek ya danƙare, ƙasansa ya jiƙe, takardar ta yi sharkaf. In ya gaza ya fito a bushe, kwana ɗaya ya fara marmashewa.

Amma a ganina, kuma a nan nake so mu daɗe, ɓarnar da ake yi a madafa ba daga wannan kashi takwas ɗin take fitowa ba. Daga kofin kansa take. In aka ce kofi ɗaya, wane kofi? Kofin awo na Amurka mililita 237 yake ɗauka, akan cike a ce 240, kuma man da ke cikinsa giram 218 ne. Kofin awo na Ostireliya mililita 250 ne, mansa giram 230, kuma su babban cokalinsu mililita 20 ne ba 15 ba. Tsohon kofin Ingila da ke cikin tsofaffin littattafan girki ya kai mililita 284. Kofin shayin da ke cikin kwabarki kuwa babu wanda ya san shi sai an auna. Wani ɗan ƙarami ne bai kai 200 ba, wani mai kauri mai mariƙi yana shan 350. Wadda ta ɗauki wannan babban ta cika shi da mai a inda ake nufin 240, ta ƙara kusan rabin abin da aka ce. Daga baya ta zauna tana zargin fulawa, ko wuta, ko ta ce mai koyarwar ta ɓoye wani sirri, alhali kofin ne.

Abin yana da asali. Mutanen Turai sun fi rubuta girki da giram, saboda sikeli ya daɗe a madafarsu. Amurkawa kuma da kofi da cokali suka tashi. Wata malamar koyar da girki a birnin Boston mai suna Fannie Farmer ta fitar da littafi a 1896 wanda ya yaɗa ƙa'idar kofi da cokali masu girma tsayayye, a cika su a shafe baki, ba tozo. Kafin nan su ma da kofin shayi da tafin hannu suke kwatance kamar kowa. Abin da ya sa tsarin ya yi musu aiki shi ne kowa ya sayi kofi iri ɗaya. Mu kuwa mun karɓi kalmar kofi daga bidiyonsu, ba mu karɓi kofin ba. Yau ki ga girki daga Landan da giram, gobe daga Amurka da kofi, jibi daga Legas da gwangwanin madara, duk a waya ɗaya. Gwangwanin madarar ma ba ɗaya ba ne, kamfani-kamfani ne, kuma lambar da ke jikinsa yawanci nauyin madarar ce, ba yawan abin da gwangwanin zai ɗauka ba.

Akwai kuma wani tarko a girkin Amurka da nake so masu karanta Turanci su lura da shi, wato oza. Iri biyu ce. Akwai ta nauyi, giram 28 da ɗan ɗori, ana rubuta ta oz. Akwai ta ruwa, kusan mililita 30, ana rubuta ta fl oz. In kin ga haruffan nan biyu, f da l, a gaba, to cika ake nufi, kofi za ki ɗauko. In babu su, sikeli ake nufi.

Mafita tana da sauƙi, kuma aikin yini ɗaya ne, ba za a sake ba. Ki zaɓi kofi ɗaya, cokali ɗaya da ludayi ɗaya, ki ce waɗannan su ne na awo a gidan nan, ki san abin da kowanne ke ɗauka. In akwai sikeli, ki ɗora kofin babu komai, ki danna maɓallin da ke mayar da lamba sifili, ki cika shi da ruwa har baki. Lambar da ta fito a giram ita ce mililitar kofin, tunda ruwa ne. A nan karatun firamare ya yi rana. In ta nuna 300, kofinki mililita 300 ne, kuma in kin cika shi da mai kin zuba giram 276. In babu sikeli, akwai abubuwan awo a gidan da ba a lura da su. Murfin maganin ruwa na yara yana da zane a mililita 5 da 10. Kwalbar fidar jariri tana da zane daga ƙasa har sama. Sabuwar sirinji ta mililita 20 daga kemis, wadda ba a taɓa amfani da ita ba kuma ba allura, tana auna cokali da ludayi daidai. Ki riƙa ɗura ruwa kina ƙirgawa har kofin ya cika, ki rubuta lambar a takarda ki manna a jikin kwaba. In roba ce mai garai-garai, ki yi mata zane da alƙalamin da ba ya gogewa a 100, a 200, a 250.

Wajen awon kansa, ki ajiye kofin a shimfiɗaɗɗen wuri, ki sunkuya idonki ya yi daidai da bakin man. In kin riƙe shi a hannu kina leƙawa daga sama, zai yaudare ki. Sannan mai yana da manne wa jikin kwano. In kin juye, ki ɗan jira ya tsiyaye ko ki kwashe da yatsa, don abin da ke maƙalewa a kofi yakan kai cokalin shayi guda. In girkin na da zuma, ki fara auna mai, sannan ki auna zumar a kofin da man ya shafa, za ta sulale ba ta bar komai ba.

Mu leƙa kasuwa. Man da kike soya albasa da shi, musamman wanda aka tace daga kwakwar manja, ya canja ma'auni sau da yawa kafin ya iso gare ki. Indunisiya da Maleshiya, waɗanda ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, da tan suke sa masa farashi. Dillali a kasuwar Singa ta Kano da jarka yake sayarwa. Mai shagon unguwa da kwalba, ke kuma da ludayi. A kowace gaɓa akwai wanda ya san lissafin da wanda bai sani ba, kuma wanda bai sani ba shi ke biya. Jarka mai lita 25 kilo 23 ce, ba 25 ba. Robar lita 5, kilo 4.6. Abin da muke kira galan kuma wani lita 4 ne, wani lita 5. Galan na Turawa ma biyu ne: na Amurka lita 3.8, na Ingila lita 4.5. Saboda haka in an ce miki galan, ki tambaya lita nawa.

Ɗauki misalin 'yar'uwarmu mai sana'ar kek da donat a cikin gida. A ce kowane kwaɓi tana sa mai rabin kilo a kan sikeli. Ta sayi jarka, ta lissafa kilo 25 ne, ta ce zai yi mata kwaɓi 50, a kan haka ta yanke wa kayanta farashi. Man zai ƙare a kwaɓi na 46. Kwaɓi huɗu sun tafi, ba wanda ya sata, ba wanda ya zubar. Za ta ce ƙannenta ne ke ɗiba, ko mai shago ya tauye ta, ko kuma ta ce sana'ar ce babu albarka. Wannan yana damuna ƙwarai, domin matan da ke riƙe da gidaje da irin wannan sana'a ribarsu ƙanƙanuwa ce, kuma irin wannan ramin ne ke cinye ta ba a gani. Haka nan wajen kwatanta farashi. A ce, misali kawai, wani ya ce lita naira 3,000, wani ya ce kilo naira 3,200. Kunne zai ce na farko ya fi araha. Amma kilo ɗaya a wurin na farko zai tashi a naira 3,260, kun ga na biyu ne mai sauƙi.

Masu tuya kuma, ƙosai, fanke, cincin, awara, lissafinku daban ne. Abin da ya dame ku shi ne man da tuyar ta sha, ba wanda aka zuba a kasko ba. Ku san abin da kuka zuba da safe, in an tashi ku bar ragowar ya huce sarai, ku tace, ku mayar a kwalba mai zane. Bambancin da ke tsakani shi ne kuɗin man ranar. Na ce a bari ya huce saboda dalili biyu. Mai zafi yana narka roba ya ƙona mutum. Sannan zafi na kumbura mai: tsakanin sanyinsa da zafin tuya, wajen digiri 180, yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa kaskon da aka cika sosai tun yana sanyi yake ambaliya da zarar an jefa ƙosai, wuta ta kama. A bar wa kasko sarari.

Wannan kumburin yana aiki ko ba a kan wuta ba. Kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara wa cikar mai kusan kashi 7 cikin 10,000. Kamar ba komai ba, amma a ɗauki jarkar lita 25 da aka cika da rana tsaka a watan Afrilu, a kwatanta da wadda aka cika da sanyin safiyar hunturu. In ratar zafin ta kai digiri 20, bambancin ya kai mililita 350, cikin ƙaramar kwalbar lemo guda. Nauyi kuwa ba ya motsi, kilo na bazara shi ne kilo na hunturu. Abin da ya sa manyan 'yan kasuwa da masana'antu suka fi yarda da sikeli kenan. A Indiya, inda aka saba ganin ledar mai an rubuta lita 1 an kuma rubuta giram 910 a gefe, wasu kamfanoni sun riƙa bayyana cikar mansu a ma'aunin zafi mai yawa, har digiri 60. Litar man waken suya a digiri 21 tana da nauyin giram 919, a digiri 60 kuwa giram 893. A 2022 ma'aikatar kula da masu sayayya ta ƙasar ta umarci kamfanonin su gyara lakabinsu, su riƙa bayyana cika tare da nauyi.

A wurinmu mai shago na iya tauye ki ba da niyya ba. Ki tsaya ki kalli yadda ake ɗura man gyaɗa a kwalba: an sa mazurari, an kwararo daga jarka da sauri, kumfa ta taso ta cika wuyan kwalbar, an toshe da leda an miƙo. Kafin ki isa gida kumfar ta kwanta, wuyan ya zama fanko. Kwalbar robar kuma in ta lotse a gefe, ba ta ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta. Malam mai shago, ka dakata kumfa ta kwanta ka cike, ka yar da kwalbar da ta lotse. Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, Suratul Muɗaffifin, kuma ɗan abin da ke wuyan kwalba yana cikin lissafi.

Manja da man shanu da man kaɗe suna da tasu matsalar, saboda suna barci. Da hunturu za ki ga manja ya daskare, ko ya rabu biyu, ruwa-ruwa a sama, mai kauri a ƙasa. In kin kwaso daskararre da cokali, ko dai ya yi tozo ko ya bar ramukan iska a ciki, awon ya tashi daga aiki. Ki sa kwalbar a rana ko cikin ruwan ɗumi ya narke, ki girgiza, sannan ki auna. In da sikeli, babu buƙatar narkarwa. Man shanu kuma ɗanye daban, soyayye daban. Ɗanyen da ake sayowa a wurin Fulani yana ɗauke da ruwa da ragowar nono. In kin ɗora shi a wuta kin jefa albasa, ƙarar nan da kike ji da tururin da ke tashi ruwan ne ke fita, in ya yi shiru ya koma garai-garai sai ki ga ya ragu. Soyayyen shi ne mai zalla, shi ne ke bin lissafin da muka yi.

Haka bota. Kusan kashi 80 cikin 100 nata ne maiƙo, saura yawanci ruwa. In girki ya ce bota giram 100 ke kuma mai za ki sa, to giram 80 na mai ya isa, wato mililita 87, kusan manyan cokula shida. Sai dai kek ɗin da ake fara bugun bota da sukari har su yi fari, iskar da bugun ke shigarwa ita ke tayar da shi, mai ba ya riƙe wannan iskar. Irin wannan a bar shi da botarsa.

Kada kuma a ɗauki lambar mai a kai wa wani abu. Zuma ta fi ruwa nauyi nesa, litarta kilo 1.4 ce. Kofin da ya ɗauki mai giram 218, sukari giram 200 zai ɗauka, fulawa kuwa wajen 120 zuwa 130, gwargwadon yadda aka danna ta. Mu da muke fitar da zakkar fidda kai kowace shekara mun san wannan tun da daɗewa. Sa'i awon cika ne, mudu huɗu da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Idan malamai suka zo mayar da shi kilo, za ka ji wani ya ce biyu da rabi, wani ya ce kusan uku, domin sa'in shinkafa da na gero da na masara ba nauyinsu ɗaya ba.

Wanda likita ya ce ya rage maiƙo, ga abin da zai riƙe. Kowane giram na mai yana ba da kalori 9, fiye da ninki biyu na sukari, babban cokali ɗaya kuwa wajen kalori 120. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da babba ke samu daga abinci a yini. Ga mai cin kalori 2,000, giram 67 kenan, bai cika manyan cokula biyar ba, kuma har da kitsen nama da gyaɗar miya da ƙuli-ƙuli a ciki. Ba sai an auna kowace tukunya ba. A duba kwana nawa kwalba ke yi a gidan. In mutum shida suka cinye kwalbar 75cl a kwana uku, kowa ya sha giram 38 a yini, kusan manyan cokula uku, daga man girki kaɗai.

Ina da roƙo ga mutum uku. Masu koyar da girki da Hausa a rediyo da talabijin da waya, don Allah in kun ce kofi ku faɗi mililitarsa, in kun ce giram ku faɗi cokali nawa ne, domin yawancin ɗalibanku ba su da sikeli. Kamfanonin da ke matsar mai da masu ɗura shi a roba, ku rubuta lita ku rubuta kilo a jikin kowace jarka, layi ɗaya ne ba zai ci muku komai ba. Nijeriya tana da dokar awo da ma'auni ta 1974, tana kuma da sashen da ke kula da ita a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Muna kira ga wannan sashe da shugabannin kasuwanninmu su haɗa kai a ajiye tabbataccen sikeli da tabbatacciyar lita a layin 'yan mai na kowace babbar kasuwa, inda mai saye zai je ya gwada abin da ya saya ba tare da ya biya ko kwabo ba.